Yadda za a koyar da ƙwayar halitta da rabuwarta a ƙaramar sakandare

Yaro ɗan shekara 12 ko 13 zai iya haddace sunayen sassan ƙwayar halitta guda goma a dare ɗaya, ya kwafi zanen littafi tsaf, ya ci jarrabawa. Amma ka tambaye shi dalilin da ya sa tsawonsa ya ƙaru bana, sai ya ce ƙwayoyin jikinsa ne suka kumbura. Sunayen sun zauna, ma'anar ba ta shiga ba. Yawanci laifin na jerin darasin ne: an fara da suna kafin yaro ya ga mai sunan, an ba shi matakan rabuwa kafin ya san matsalar da rabuwar take warwarewa. Tsarin da ke ƙasa ya juya wannan jeri, kuma zai ci darussa 8 zuwa 10 na minti 40.

Mataki na farko: a fara da girma

Kafin a taɓa madubin ƙara girma, wato maikiroskof, yara su san ƙanƙantar abin da za su nema. Kowa ya ɗauko rula ya dubi tazarar milimita ɗaya. Ka gaya musu an raba wannan tazara gida 1,000, kowane gida sunansa maikiromita. Jar ƙwayar jini tana da faɗin maikiromita 7 zuwa 8, don haka sai an jera kusan 125 kafin su cika milimita ɗaya. Bakteriyar E. coli tsawonta kamar maikiromita 2 ne, sai an jera 500. Ƙwan mace, wanda yana cikin manyan ƙwayoyin jikin ɗan Adam, ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Kada ka ba su amsar, su yi rabawar da kansu.

A nan ake kashe wani ruɗani da wuri. Yara da yawa suna ajiye ƙwayar halitta da ƙwayar zarra a layi ɗaya, tunda duka biyun "ƙanana ne ƙwarai". Rubuta waɗannan a kan katuna, su jera daga ƙarami zuwa babba: ƙwayar zarra, ƙwayar ruwa (wato haɗin ƙwayoyin zarra uku da ke yin ruwa), bairos, bakteriya, ƙwayar jini, kaurin silin gashi, tururuwa. Gardamar da za su yi a kan wurin bairos ta fi bayanin minti goma amfani.

Mataki na biyu: fatar albasa

Wannan ne darasin da ya fi kowane muhimmanci, kuma bai kamata a yi masa gaggawa ba. Gani ya kori ji.

Minti 15 na farko na koyon madubin ne kawai. A yanko ƙaramin harafi "e" daga jarida, a ɗora a gilashin silaid, a duba da ƙaramin ƙarfi. Harafin zai fito a kife, kuma idan aka tura gilashin dama, hoton ya tafi hagu. Wanda bai gano wannan da harafi ba, zai ɓata rabin darasi yana bin ƙwaya tana guje masa. Dokoki biyu sun isa: kullum a fara da ƙaramin ƙarfi, sannan idan an koma babban ƙarfi ba a taɓa babban marfin daidaitawa, ƙaramin kawai, in ba haka ba gilashi zai fashe. Su kuma iya lissafin ƙarfin: lambar gilashin ido sau lambar gilashin ƙasa, 10 sau 4 ya ba da 40, 10 sau 40 ya ba da 400.

Sai albasar. A ɓare ɓangare ɗaya, a karya shi baya, za a ga wata siririyar fata tana ɗagowa daga gefen ciki. Ita ake so, domin kaurinta ƙwaya ɗaya ne tak. A ɗauki yanki da bai kai faɗin farce ba, a shimfiɗa a kan ɗigon ruwa ba tare da ya naɗe ba, a ɗiga aidin sau ɗaya. Murfin gilashi kada a sake shi a kwance. A kafa gefensa ɗaya a bakin ruwan, a tallafe ɗayan da allura, a sauke a hankali don iska ta samu hanyar fita.

Ga abin da zai faru a kusan kowane aji. Wani zai ɗaga hannu da murna: "Malam, na gani!" Ka leƙa, sai ka tarar da wata da'ira mai baƙin baki, kyakkyawa, cikinta fari fat. Kumfar iska ce. Kada ka gyara masa a ɓoye. Kira sauran su zo su gani, domin kowa zai haɗu da ita nan gaba. Ƙwayoyin gaskiya suna gefe, dogaye, a jere bango da bango, launin ruwan ɗorawa, kowace da ɗan ɗigo mai duhu wanda sau da yawa yake manne da gefe. Ɗigon nan shi ne niyukiliyas, amma kada ka faɗi sunan tukuna. Su zana ƙwayoyi uku ko huɗu, manya, da fensir, ba tare da shafa inuwa ba, su rubuta ƙarfin da suka yi amfani da shi. Ka hana buɗe littafi. Da zarar an buɗe, yaro zai zana koren kulorofilas, wato korayen ƙwallayen da ke haɗa wa tsiro sukari, a cikin albasar da ba ta da shi, saboda ya fi yarda da littafi a kan idonsa.

Idan akwai sauran lokaci, su auna. A sa rula mai gani-har-hanji a ƙarƙashin madubin don sanin faɗin da'irar haske. A madubin makaranta, a ƙarfin 100, faɗin yakan kai milimita 1.8 ko kusa da haka. Idan ƙwayoyi 6 ne suka cika shi a tsaye, kowace ta kai milimita 0.3, wato maikiromita 300. Yaron da ya auna ƙwaya da hannunsa ba zai sake cewa ita da ƙwayar zarra sa'o'in juna ne ba.

Bayan sun gani ne tarihi yake da daɗin ji. A 1665 Robert Hooke na Ingila ya duba siririn yanki na ɓawon bishiyar da ake yin murfin kwalba da shi, ya ga ƙananan ɗakuna a jere. Bangon matattun ƙwayoyi kawai ya gani, abin da ke ciki ya riga ya bushe. A shekarun 1670 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya ga ƙananan halittu masu rai suna iyo cikin ruwa. Sai a 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Matthias Schleiden da Theodor Schwann, suka ce tsirrai da dabbobi duka daga ƙwayoyi aka gina su. Ka nuna wa yara cewa abin da suka gani cikin minti 40 ya fi abin da Hooke ya gani.

Mataki na uku: kunci, ganye da gishiri

Kowane ɗalibi ya goga cikin kuncinsa a hankali da tsinken auduga mai tsabta, ya shafa a gilashi, a ɗiga shuɗin metilin, a rufe. Tsinke ɗaya mutum ɗaya, kuma bayan an gama tsinke da gilashi su tafi cikin ruwan bilic. Ƙwayoyin kunci ba su jeru ba, a warwatse suke, gefensu ba miƙaƙƙe ba, wasu ma a naɗe, faɗinsu kamar maikiromita 50 zuwa 60. A rage hasken madubi, domin haske mai yawa yana wanke su.

Sai ganyen ciyawar ruwa mai siririn jiki, irin su Elodea. Ba ya bukatar rini. Korayen ƙwallaye za su cika ƙwayar, kuma idan ganyen ya ɗan sha haske da ɗumi za a ga suna zagaye gefen ƙwaya a hankali. Wannan motsi ne yake tabbatar wa yaro cewa abin yana da rai. Yanzu ka yi tambaya: albasa tsiro ce, ina nata korayen? Ka bar su su kai ga cewa ɓangaren da muke yankawa a ƙarƙashin ƙasa yake girma, inda babu haske.

Tantanin ƙwayar tsiro, wato siririyar fatar da ta lulluɓe abin da ke cikinta, ba ya ganuwa saboda a manne yake da bango, shi ya sa yara suke ɗauka abu ɗaya ne. Jar albasa da ruwan gishiri mai kauri suna raba gardama. A ɗiga ruwan gishirin a gefe ɗaya na murfin gilashi, a tsotse ruwan da takarda mai shan ruwa daga ɗaya gefen. Cikin 'yan mintuna jan launin zai tsuke ya janye daga bango, bangon kuma yana nan inda yake. A mayar da ruwa zalla, ya sake cika.

Mataki na huɗu: yanzu a ba da sunaye

Kowane suna ya zo a matsayin amsar wata bukata. Ƙwaya tana bukatar iyaka mai tace abin da zai shiga da wanda zai fita: tantani. Tana bukatar umarnin yadda za ta gina kanta: DNA da ke cikin niyukiliyas. Tana bukatar ƙarfi: mitokondiriya, inda ake sakin ƙarfin da ke cikin sukari da taimakon iskar oksijin. Tana bukatar ƙera furotin: ribosom. Duka suna cikin ruwa mai kauri, saitofilazim. Tsiro yana da ƙarin uku: bango, kulorofilas, da babbar jakar ruwa a tsakiya, wadda ita ce ta ture niyukiliyas ɗin albasa zuwa gefe. Takwas ɗin nan sun wadatar a wannan mataki. Ni dai ban ga ribar cusa wa ɗan shekara 12 sauran sassan ba, sai in manhaja ta tilasta.

Ka gaya musu gaskiya cewa madubin haske ba ya rarrabe abin da ya gaza maikiromita 0.2, don haka ribosom da cikin mitokondiriya daga hotunan madubin lantarki muka san su. Zanen littafi haɗin gambiza ne daga hotuna da yawa, launukansa kuma mai zane ne ya zaɓa.

Malamai suna son kwatanta ƙwaya da masana'anta, niyukiliyas ya zama ofishin manaja. Kwatancen yana taimakawa na minti biyar, amma yana barin yara da tunanin cewa niyukiliyas yana tunani yana ba da oda. In ka yi shi, ka sa su nemo wurare biyu da kwatancen ya gaza.

Kurakurai biyu suna da taurin kai. Na farko, cewa tsiro yana da kulorofilas "a madadin" mitokondiriya. Yana da duka biyun: ɗaya yana haɗa sukari, ɗaya yana ƙona shi, kuma saiwa da ba ta ganin rana da mitokondiriya take rayuwa. Na biyu, cewa ƙwaya shimfiɗaɗɗiya ce kamar zanenta. Ledar da aka cika da ruwa mai kauri, aka jefa ƙananan abubuwa ciki aka ɗaure, tana gyara wannan, kuma idan aka cusa ta cikin kwali ta zama ta tsiro. Kafin ka bar wannan mataki ka nuna hotunan ƙwayoyin da suka saɓa zane: ta jijiyar laka mai dogon zare, maniyyi mai wutsiya, jar ƙwayar jinin mutum da ba ta da niyukiliyas kwata-kwata, da bakteriya wadda DNA ɗinta yake kwance cikin saitofilazim.

Mataki na biyar: me ya hana ƙwaya yin girma?

Wannan ne gadar da ke tsakanin tsari da rabuwa, kuma littattafai da yawa suna tsallake ta. A yanka dankali gida-gida mai kusurwa huɗu: santimita 1, 2 da 3 kowane gefe. A jiƙa su duka cikin ruwan aidin lokaci ɗaya, a cire tare, a tsaga kowanne biyu. Zurfin da launin ya shiga ɗaya ne a duka ukun, amma farin da ya rage a tsakiyar babban ya fi yawa nesa. Sai lissafi. Ƙaramin yana da faɗin fata 6 da ciki 1. Na tsakiya 24 da 8, wato 3 ga 1. Babban 54 da 27, wato 2 ga 1. Ciki yana ƙaruwa fiye da fata, kuma ta fata ne abinci yake shiga, datti yake fita. Ƙwayar da ta ci gaba da kumbura za ta kashe tsakiyarta da yunwa. Giwa ba ta fi ɓera girman ƙwayoyi sosai ba, yawa ta fi shi.

Mataki na shida: rabuwa, da zare a hannu

Fara da inda ake bukatarta. Jar ƙwayar jini tana rayuwa kusan kwana 120, ɓargo kuma yana ƙera sababbi kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Fatar cikin hanji tana sabuntuwa cikin 'yan kwanaki. Ciwo yana warkewa, saiwa tana tsawo. Rudolf Virchow ya faɗa a 1855 cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwaya ta fito.

Sannan ka ajiye musu matsalar a allo, ba tare da ko suna ɗaya ba: ƙwaya tana da kundin umarni ɗaya, tana so ta zama biyu, kuma kowace dole ta samu cikakken kundi. A jikin mutum kundin nan DNA ne mai tsawon kusan mita 2, a yanke gida 46, a cuse cikin niyukiliyas mai faɗin 'yan maikiromita. Yaya za ta yi?

Kowace ƙungiya ta samu zare huɗu: dogo ja, dogo shuɗi, gajere ja, gajere shuɗi, da igiya da za a yi da'irar ƙwaya a kan tebur. Yawancinsu za su raba biyu-biyu. Tambaye su: "Wannan ƙwayar tana da duk abin da uwarta take da shi?" Can wani zai ce sai an fara kwafa. Sai ka miƙa musu ƙarin zare huɗu, kowane kwafi a maƙale shi da asalinsa da kilif ɗin takarda. Ka yamutsa zaren a tafin hannunka, ka ce su raba ido a rufe. Ba zai yiwu ba. Da kaɗan-kaɗan za su gano cewa gara a nannaɗe kowane zare ya gajarce, a jera su a tsakiya, a cire kilif, a ja ɗaya nan ɗaya can, sannan a tsuke igiyar. Sun ƙirƙiro maitosis da kansu. Yanzu ne za ka rubuta furofes, metafes, anafes, telofes a gefen abin da suka riga suka yi. Walther Flemming, wanda ya raɗa wa aikin suna a 1882, shi ma da ido ya fara ganinsa a ƙwayoyin wata dabbar ruwa mai kama da ƙadangare.

Ƙidaya ce take rikita yara, har da manya. Dokar ita ce a ƙirga dunƙule, ba zare ba. Kowane yanki na DNA, wanda zare yake wakilta, sunansa kuromosom. Kafin kwafi akwai kuromosom 4. Bayan kwafi zare ya zama 8, amma dunƙule 4 ne, don haka kuromosom 4 ne har yanzu, kowane da hannu biyu. Da aka cire kilif sun zama 8 a ƙwaya ɗaya na ɗan lokaci, sannan 4 da 4. Su maimaita sau uku suna faɗa da baki. Ka kuma jaddada cewa siffar X da ake zanawa ta kuromosom ɗin da aka riga aka kwafa ce, kuma a lokacin rabuwa kawai ake ganinta. Kwafin kansa a intafes ake yinsa, wato lokacin da ke tsakanin rabuwa da rabuwa, wanda wasu tsofaffin littattafai suke kira hutu. Babu hutu a ciki, a nan ƙwaya take girma, take aikinta, take kwafa.

Ƙarshen rabuwar ya bambanta: ƙwayar dabba tana tsukewa a tsakiya, ta tsiro kuwa bango ya hana, sai ta gina sabon bango daga tsakiya zuwa gefe.

Mataki na bakwai: a nemo ta a saiwa

Kwana 4 ko 5 kafin darasin, a ɗora albasa a bakin kofi, gindinta yana taɓa ruwa. Idan saiwoyi sun kai santimita 1 zuwa 2, a yanko bakinsu, a jiƙa cikin asid haidurokulorik mai sauƙin ƙarfi a ɗumin digiri 60 na minti 5 don ya yi laushi. Asid da reza aikin malami ne. A ɗauraye, a bar milimita 2 na can ƙarshe kawai, a rina da shuɗin toludin ko asito-osin, a rufe, a sa takarda a kai, a danna da babban yatsa tsaye ba tare da murzawa ba. Ƙwayoyin da ake nema ƙanana ne masu kusurwa huɗu a cunkushe. Dogayen sun wuce wurin rabuwa. Aikin ba kullum yake fitowa ba, saboda haka ka tanadi silaid na kanti ko hotuna masu kyau a gefe.

Albasa tana da kuromosom 16, amma ba za su ƙirgu ba, kada a wahalar da yara. Abin da za a ƙirga shi ne ƙwayoyi: kowace ƙungiya ta duba 50, ta rubuta matakin kowace, a haɗa na aji duka a allo. Mafi yawa za su faɗa intafes. Tambaye su dalili. Silaid hoto ne na daƙiƙa ɗaya, don haka matakin da ya fi daɗewa shi zai fi yawan ƙwayoyi. A ce 90 cikin 100 suna intafes, kuma a ɗauka zagayen sa'a 24 ne, intafes ya ci sa'a 21 da minti 36. Za su yi gardama a kan wasu ƙwayoyi, ko ƙarshen furofes ne ko farkon metafes. Ka bar gardamar ta yi nisa kafin ka ce aikin a miƙe yake tafiya, mutane ne suka yanka shi gida huɗu.

Wani zai tambayi sankara. Amsa gajeriya ta isa: ƙwayoyi ne da tsarin tsayar da rabuwarsu ya lalace. Ka yi taka-tsantsan da lafazi, wataƙila akwai mai majinyaci a gida.

Mataki na takwas: mayosis, a taƙaice

Mayosis ita ce rabuwar da ke samar da ƙwai da maniyyi. Kada a koyar da ita rana ɗaya da maitosis, sunayen sun yi kama da yawa. Fara da lissafi: idan ƙwai yana da kuromosom 46, maniyyi yana da 46, jariri zai samu 92, jika 184. Dole a rage rabi, 23 da 23. A dawo da zaren. A kwafa sau ɗaya, a raba sau biyu: da farko dogo ja ya rabu da dogo shuɗi, gajere da gajere, sannan a cire kilif. Sakamako ƙwayoyi huɗu, kowace da zare 2. Idan ƙungiyoyi suka kwatanta, za su ga haɗin launuka iri 4 ne zai yiwu. Da tagwaye 23 na ɗan Adam haɗin ya haura miliyan 8, dalili ɗaya ke nan da ya sa 'yan uwa ciki ɗaya ba sa zama iri ɗaya. Sunayen matakai takwas na mayosis su jira babbar sakandare.

Gwaji

Tambayar "lissafo matakan maitosis" haddar jiya kawai take aunawa. Ba su hotuna shida na gaske a hargitse su jera, su kare jerin da jimla ɗaya-ɗaya. Ba su hoton ƙwayar da ba su taɓa gani ba, su ce ta tsiro ce ko ta dabba, da hujja biyu. Tambaye su: wata halitta tana da kuromosom 12 a ƙwayar fatarta, nawa ne a sabuwar ƙwayar fata, nawa ne a ƙwanta? Amsar ita ce 12 da 6. Wanda ya ce 6 da 6 ya manta kwafi. Wanda ya ce 24 ya kwafa bai raba ba. Wanda ya ce 12 da 12 bai ga bambancin rabuwar biyu ba. Ka ware takardun gida uku bisa waɗannan amsoshi, kowane rukuni ka mayar masa da zarensa na minti goma a darasi na gaba.